Tambayi Injiniya: Ruwan matatar mai, bakteriya da tantani

Wasiƙu huɗu na ware daga cikin na wannan watan, domin duk a kan ruwa ɗaya suke magana: ruwan da ke fitowa daga matatun mai da masana'antun da ke juya mai da gas su koma roba, garin sabulu, taki da makamantansu. A wannan fanni na yi mafi yawan shekarun aikina. Masu tambaya kan rijiyar burtsatse da tankin saman ɗaki su yi mini haƙuri zuwa fitowa ta gaba.

TAMBAYA, daga wata ɗaliba a Zariya: Salamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a sashen injiniyan sinadarai. An ba ni aikin bincike kan tace gurɓataccen ruwan masana'antun mai da na'urar da ake kira MBR. Na karanta takardu har kaina ya ɗau zafi, amma da mahaifiyata ta tambaye ni abin da nake yi, na kasa faɗa mata. Don Allah a yi mini bayani da Hausa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki gaya wa Hajiya kiwo kike koyo, kiwon dabbobin da ido ba ya gani. Da gaske nake, kuma idan kika riƙe wannan, sauran karatun zai zo miki da sauƙi.

Mu fara da ruwan kansa, domin ba iri ɗaya ba ne. Ɗanyen mai yana fitowa daga ƙasa da gishiri a jikinsa, kuma kafin a dafa shi sai an wanke shi da ruwa, in ba haka ba gishirin ya cinye ƙarafa. Wannan ruwan wankin yana fita da zafi, da gishiri, da mai. Akwai kuma tururin da ake turawa cikin hasumiyoyin tacewa, wanda idan ya huce ya koma ruwa yakan ɗauko amoniya da salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A masana'antun da ke fasa gas don yin roba, irin ta Eleme kusa da Fatakwal wadda kamfanin Indorama ya saya a 2006, ana wanke gas ɗin da ruwan soda, kuma wannan sodar idan ta gama aiki tana cikin mafi munin abin da mai tace ruwa zai gamu da shi. Ki ƙara da ruwan da ake tsiyayewa daga gindin tankunan ajiya, da ruwan saman da ya wanke farfajiyar masana'anta. A cikin wannan haɗin akwai fenol, akwai benzin da danginsa, akwai mai da ke yawo a sama da wanda ya cakuɗe da ruwa har ya zama kamar madara. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, wadda daga baya aka ƙara mata sashen yin sinadarin garin sabulu a 1988, da ta Dangote a Lekki da aka gina don ɗaukar ganga 650,000 a rana, duk irin waɗannan ruwaye ne ke fita daga cikinsu idan suna aiki, bambancin yawa ne kawai.

To ina kiwon ya shigo? Fenol guba ne gare ni da ke, amma akwai bakteriyar da abinci ne a wurinta. Idan aka ba ta iska da lokaci, za ta cinye shi ta mai da shi ruwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ta kuma hayayyafa. A 1914 wasu masu bincike biyu a Manchesta ta Ingila, Ardern da Lockett, suka nuna cewa idan ka hura iska cikin ruwan ƙazanta, ka bar lakar da ta taru ta kwanta, sannan ka mayar da wannan lakar cikin sabon ruwan ƙazanta, aikin da ke ɗaukar makonni zai koma na sa'o'i. Lakar nan ba taɓo ba ne, garken bakteriya ne. Har gobe a kan wannan dabara yawancin manyan matatun ruwan ƙazanta na duniya ke tafiya: tanki ɗaya na hura iska, tanki na biyu inda laka ke kwantawa, ruwa mai haske ya malala ta sama.

Raunin tsarin yana tanki na biyun. Komai ya dogara ga laka ta yarda ta kwanta. A ruwan ƙazantar gari tana yarda galibi. A ruwan masana'antar mai, ranar da salfaid ya yi yawa ko wani sinadari ya kufce daga wani sashe, sai laka ta kumbura ta ƙi sauka, ta bi ruwa ta fice. Kin yi asara biyu ke nan: ruwan da kika saki ya ƙazantu, kuma garkenki ya tafi rafi.

MBR shi ne a cire wannan tanki na biyu a sa tantani a madadinsa. Ni da Hausa tankin bakteriya mai tantani nake ce masa. Tantanin roba ce ta musamman mai ƙofofi ƙanana, daga maikuron 0.04 zuwa 0.4 gwargwadon kamfanin da ya ƙera. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen maikuron 70, bakteriya kuwa wajen maikuron 1 ce, don haka ba ta da hanyar wucewa. Wani tantanin zare-zare ne kamar taliya, kowane sili da rami a tsakiya, dubbai a ɗaure wuri guda. Wani kuma shafaffe ne kamar alluna da aka jera a tsaye. Ana nutsa su cikin lakar, inji yana tsotso a hankali, ruwa ya ratsa ya fito garau, laka ta tsaya a baya. Ki tuna wa Hajiya yadda take tace gasara da ƙyalle, za ta gane nan take.

Tun ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Dorr-Oliver na Amurka ya fara haɗa bakteriya da tantani, amma a lokacin ana tura lakar da ƙarfi ne ta cikin bututu a wajen tanki, kuma wutar da hakan ke ci ta hana abin yaɗuwa. A 1989 Kazuo Yamamoto da abokan aikinsa a Jami'ar Tokyo suka kawo shawarar a tsoma tantanin cikin tankin kansa, a bar kumfar iskar da ke tasowa daga ƙasa ta riƙa goge shi. Daga nan kamfanoni irin Kubota na Japan da Zenon na Kanada suka mai da shi haja. A fannin mai, misalin da ya kamata ki nema ki karanta shi ne na Porto Marghera, unguwar masana'antun sinadarai da ke bakin tafkin birnin Benis a Italiya. Dokar zubar da ruwa cikin wannan tafki ta yi tsanani sosai, har aka mayar da matatar ruwan masana'antun ta koma mai tantani a tsakiyar shekarun 2000.

Yanzu ga abin da nake so ki ja wa layi. Mutane suna ganin ruwan ya fito garau sai su ce tantani ya yi aiki. Fenol da benzin da amoniya narkakku ne, ƙofar tantani a wurinsu kamar ƙofar gari ce, wucewa za su yi abinsu. Bakteriya ce ke cinye su. Amfanin tantani shi ne shinge: ya hana garke watsewa. Saboda shi ana iya tara laka giram 8 zuwa 12 a kowace lita, inda tsohon tsari ke tsayawa a giram 2 zuwa 4, don haka tanki ƙarami ya yi aikin babba. Abin da ya fi wannan muhimmanci a ruwan mai shi ne shekarun garken. Bakteriyar da ke cin sinadarai masu taurin kai, da wadda ke sarrafa amoniya, ba sa hayayyafa da sauri. Wasu bakteriya cikin sa'a guda sun ninka, waɗannan kuwa sai su kwana ɗaya ko fiye. A tsohon tsari ruwa na iya kwashe su kafin su yi yawa. A bayan tantani ana iya riƙe laka wata guda ko fiye, har masu jinkirin nan su zauna su saba da abincin gidan.

Kuma kamar kowane kiwo, akwai ciyarwa. Ruwan masana'antar mai sau da yawa ba shi da isasshen fosfaras, wani lokaci har da naitirojin, sai an ƙara, har takin yuriya mukan zuba. Tsohon ƙiyasin da muke aiki da shi shi ne a kan kowane kashi 100 na abinci a samu 5 na naitirojin da 1 na fosfaras. Lafiyayyar laka launin ƙasa-ƙasa gare ta, kuma tana ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Idan ta yi baƙi tana wari, iska ta gaza. Wani dattijon ma'aikaci da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, kafin ya duba kowace takardar awo sai ya hau saman tanki ya tsaya ya shaƙa, kuma ban taɓa ganin sakamakon ɗakin gwaji ya ƙaryata hancinsa ba.

Shawarata kan binciken naki: kada ki tsaya ga ruwan da kika haɗa da hannunki a ɗakin gwaji, fenol a ruwan famfo. Wannan bakteriya za ta ci cikin sauƙi ki samu sakamako mai kyau wanda ba ya nufin komai. Ki nemi sashenku ya rubuta takarda a samo miki ruwan masana'anta na gaske, ko jarka biyu ce. Ki riƙa rubuta matsin tsotso kowace rana tare da awon ƙazanta, domin yadda tantani ke toshewa shi ne rabin labarin. Kuma ki sa safar hannu da tabarau, ki yi aiki inda iska ke ratsawa. Salfaid idan ya yi yawa yana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ya tafi alhali a lokacin ya fi haɗari.

TAMBAYA, daga wani ɗan kasuwa a Kano: Ina da ƙaramar masana'anta inda muke tace baƙin mai na mota muna sake sarrafa shi. Ruwan wanke-wanke da na tukunya yana kai kamar tanka ɗaya a rana, kuma maƙwabta sun fara kuka. Wani dillali ya kawo mini hoton na'urar MBR a cikin kwantena, ya ce a jona kawai, ruwan da zai fito har sha ana iya yi. Kuɗin da yawa. In saya?

AMSA: Alhaji, ranka ya daɗe, kada ka biya ko sisi tukuna. Na ji daɗi da kukan maƙwabta ya dame ka, kuma saboda haka ne ba na so kuɗinka ya tafi a banza su kuma su ci gaba da shan wari.

Babban abokin gabar tantani shi ne mai, kuma kai mai ne sana'arka. Bari in ba ka labarin abin da ya faru a gabana. A wata masana'anta da na yi aiki, cikin watan Agusta, injin da ke kwashe mai daga saman tankin farko ya tsaya tun da safe, ba a rubuta a littafin miƙa aiki ba. Da dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya wanke magudanun farfajiya, ya turo man da ya taru gaba ɗaya zuwa tankin bakteriya. Ina ɗakin kula da injina na ga gejin tsotso yana hawa, ruwan da ke fita yana raguwa. Kafin asuba kumfa ta cika tanki tana zuba ta gefe. Da muka ɗaga rukunin tantani ɗaya da ƙugiya, zaren da muka sani fari ya koma baƙi, ya manne da juna kamar gashin da aka tsoma a baƙin mai. Kwanaki muka yi muna jiƙa su a ruwan bilic rukuni bayan rukuni, kuma wasu ba su koma yadda suke ba har aka canza su. Wanda ya fi ci mini rai shi ne garken. Bakteriyar amoniya ta mutu, sai da muka aika tanka ta ɗebo laka daga wata matatar ruwa muka zuba, kamar yadda ake zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara don ta kama. Kusan wata guda muka yi kafin awo ya dawo daidai. Duk wannan daga inji ɗaya ƙarami da bai kai kuɗin rukunin tantani guda ba.

Don haka a matatun da suka san abin da suke yi, tantani ne kusan na ƙarshe a layi. Ruwa yana fara shiga dogon tanki inda yake tafiya a hankali, mai ya taso a kwashe, yashi ya kwanta. Wannan tsari tun shekarun 1930 Cibiyar Man Fetur ta Amurka ta fitar da shi, kuma manyan ɗigo kawai yake kamawa, masu maikuron 150 zuwa sama. Sai mataki na biyu, inda ake zuba alam ko makamancinsa, irin dai wanda ake sa wa ruwan randa, ƙananan ɗigon su dunƙule, sannan a saki kumfar iska mai laushi ta ɗago su sama. Sai babban tankin daidaitawa, inda ruwan safe da na dare ke gauraya, don kada bakteriya ta sha yunwa da hantsi a ɗura mata guba da la'asar. Masu ƙera tantani da kansu suna sa sharaɗin kada man da ke isowa gare shi ya wuce ɗan kaɗan, wajen miligiram 10 zuwa 20 a lita. Ka tambayi dillalinka ko duk waɗannan suna cikin kwantenar.

Ruwanka ma ya fi na matata wuya ta wani gefen. Man inji an ƙera shi da sinadaran wanki a ciki, su ne ke sa ya riƙe ruwa ya ƙi rabuwa, kuma baƙin mai yana ɗauke da ƙarafa irin su tutiya da dalma da ya gogo daga inji. Bakteriyar tanki ba ta cin irin wannan ƙarfe. Sai an kama shi da magani tun a gaba, kuma dagwalon da ya fito dole a san inda za a kai shi, ba bayan katanga ba.

Sai maganar wuta. Injin hura iska ba ya hutu, dare da rana, ranar Juma'a da ranar Sallah. Shi ke ba bakteriya numfashi, shi ke goge tantani. A ruwan gari ma ana lissafin kusan yunit ɗaya na wuta a kan kowace lita 1,000, ruwa mai ƙazanta irin naka ya fi haka. Idan an ɗauke wuta aka bar tanki shiru tsawon yini, laka za ta fara ruɓa. Idan aka ci gaba da tsotso babu iska, tantani zai toshe cikin ɗan lokaci. Idan aka rufe masana'anta aka bar shi ya bushe, ya lalace. Ka lissafa dizal na shekara kafin ka kalli farashin kwantena. Ka lissafa bilic da asid ɗin lemun tsami na wanki, na farko don dauɗar halitta, na biyu don farin gishirin da ke daskarewa. Ka lissafa canjin tantani, wanda da kyakkyawar kulawa yakan kai shekara 7 zuwa 10, a ruwa mai wuya kuma ba lallai ya kai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka san tun yanzu wa ke sayar da irinsa, da wane kuɗi, kuma wata nawa yake ɗauka ya iso.

Abin da zan yi in ni ne kai: in ɗebi ruwan nan sau da yawa cikin mako biyu, a lokuta daban-daban, in kai ɗakin gwaji a auna mai, ƙarafa, gishiri da nauyin ƙazanta. In gina tankin raba mai da na daidaitawa da na alam, waɗanda magina da maƙeran Kano za su iya yi. Sau da yawa wannan kaɗai yana kashe mafi yawan warin da maƙwabta ke kuka da shi. Bayan nan a sake awo. Idan har ana buƙatar bakteriya, tanka ɗaya a rana ba ta da yawa, kuma idan kana da fili akwai hanyoyi masu sauƙin riƙo. Idan fili ya yi ƙaranci ko kana son mayar da ruwan cikin aiki, a nan tantani ke da hujja. A lokacin ka ce dillali ya kawo ƙaramar na'urar gwaji ta yi wata biyu ko uku a kan ruwanka, kuma a rubuta a yarjejeniya irin ruwan da za ta fitar, da lambobi, a riƙe wani kaso na kuɗin sai ta cika. Ka kuma ware yaro ɗaya mai natsuwa wanda wannan ne aikinsa, ka biya shi da kyau.

Maganar sha kuwa, kada ka bari kowa ya kai wannan ruwa bakinsa.

TAMBAYA, daga wani manomin fadama a jihar Kaduna: Gonata tana bakin rafi, ƙasa da inda wata masana'anta ke sako ruwa. An ce mana suna da matacin zamani, kuma gaskiya yawancin lokaci ruwan garau yake. Amma wani lokaci muna ganin kyalli mai launi-launi a sama, kifi kuma yana ɗanɗanon kananzir. Ina ban ruwan alayyahu, latas da tumatir. Akwai matsala?

AMSA: Baba, ruwa ba ya tsami banza, kuma harshenka bai yaudare ka ba. Fenol da danginsa ko kaɗan ne a ruwa suna shiga naman kifi su canza masa ɗanɗano.

Game da kyallin, ga gwajin da za ka yi da kara. Ka taɓa shi. Idan ya farfashe gutsi-gutsi kamar gilashi ya ƙi haɗuwa, wannan na bakteriyar ƙarfe ne da ake samu a fadamu, ba na mai ba ne. Idan ya buɗe ya sake haɗewa yana murɗawa, mai ne. Kuma idan mai ne, to ba ta cikin tantani ya biyo ba, domin ruwan da ya ratsa lafiyayyen tantani ba ya kyalli. Ko dai ta magudanar ruwan sama ya zo, ko an karkatar da ruwa ta gefe a ranar da na'ura ta gaza. Ka lura ko bayan ruwan sama ne abin ke faruwa, ko da dare, ka riƙe ranakun.

Ko a ranar da yake garau, haske ba shaidar tsarki ba ne. Gishiri yana ratsa wannan tantani kamar babu shi, kuma ruwan masana'antar mai yana da gishiri. Ma'aunin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne ruwan ban ruwa da gishirinsa bai kai miligiram 450 a lita ba babu damuwa, wanda ya haura 2,000 kuwa matsala ce babba. Akwai ɗan abin awo kamar biro da masu fiya wata ke amfani da shi, ba shi da tsada, ƙungiyarku ta manoma za ta iya sayen ɗaya. Ku auna sama da bakin magudanar, ku auna ƙasa da ita. Idan ka fara ganin farin gishiri a kan kunya, ko bakin ganye yana ƙonewa, ka san dalili. Latas ya fi tumatir saurin jin gishiri, kuma shi ake ci ɗanye, don haka a ranar kyalli kada ka ɗora injinka a rafin.

Wanda ya fi damuna shi ne rijiyoyin da kuke sha. Benzin yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha maikurogiram 10 a lita, abin da ido ba zai gani ba. Idan rijiya tana kusa da rafin, a kai ruwanta gwaji.

Kuna da inda za ku kai kuka. Tun dokar masana'antar mai ta 2021, hukumar NMDPRA ce ke kula da matatu da masana'antun sarrafa mai da gas. NOSDRA, wadda aka kafa a 2006, ita ke bin malalar mai. Akwai kuma ma'aikatar muhalli ta jiha. Ku rubuta takarda da sa hannun mai unguwa da shugaban manoma, ku riƙe kwafi. Ranar da kuka ga kyalli ku ɗauki hoto da waya, ku ɗebi ruwa a wankakkiyar kwalbar gilashi, ba ta roba ba domin mai yana manne wa roba, ku cika ta, ku rubuta rana da lokaci da wuri, ku sa ta a sanyi, a kai gwaji da wuri. Ma'aunin Bankin Duniya ga matatun mai shi ne kada mai ya wuce miligiram 10 a litar ruwan da ake saki. Da takardar awo a hannu, maganarku za ta yi nauyin da ba ta da shi yanzu.

TAMBAYA, daga wani malamin makaranta a Damagaram: Mu da Allah ya ba rana kyauta, me ya sa ba za a zuba ruwan a manyan tafkuna ya bushe ba, a huta da injina masu tsada?

AMSA: Malam, ana yin haka a wurare da dama, kuma rana tana iyawa: a yankinku ruwan da ke buɗe yana rasa fiye da mita 2 na zurfinsa a shekara. Amma ka dubi abin da ake bayarwa. Benzin da salfaid ba sa ɓacewa, iska suke shiga, mutanen da ke ƙasan iska su shaƙa. Idan shimfiɗar gindin tafkin ta yage, sauran ya gangara zuwa ruwan ƙasa. Tsuntsaye suna sauka a kai, dabbobi suna zuwa sha.

Sannan ruwan kansa. Kai ka fi ni sanin abin da jarka ɗaya take nufi a Damagaram cikin watan Afrilu. Matatar SORAZ da ke arewa da ku, wadda ta fara aiki a 2011 da ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem, da takwararta ta Jarmaya kusa da Injamena, a ƙasar ƙishi aka gina su, kuma kowace matata tana shan ruwa mai yawa, mafi yawansa wajen sanyaya injina da yin tururi. A irin wannan wuri ne nake ganin tankin bakteriya mai tantani ya fi cancanta, fiye da inda kogi ke wucewa ta ƙofar masana'anta. Ruwan da ya fito daga cikinsa ba shi da laka ko kaɗan, don haka ana iya tura shi ga matacin RO, irin na masu fiya wata amma babba, wanda shi ne ke cire gishiri. Abin da ya fito a mayar da shi hasumiyar sanyaya ko tukunyar tururi, kuma kowace lita da aka mayar lita ce da ba a zuƙo daga ƙasa ba.

Tafkinka yana da gurbi a ƙarshen wannan layi. RO yana barin wani kaso na ruwan, kamar rubu'i ko fiye, wanda duk gishirin ya taru a ciki. Wannan ne ya dace a shanya a rana, a tafki mai shimfiɗar roba mai kauri, da shinge, da ƙananan rijiyoyin awo a kewaye don a gane in ya fara yoyo.

Zafin ma yana da nasa sharaɗin. Bakteriyar amoniya tana jin daɗi a wajen digiri 30, amma idan ruwan tanki ya doshi 40 sai ta fara rauni. Ruwan wankin ɗanyen mai da zafinsa yake zuwa, injin hura iska yana ƙara masa, cin abincin bakteriyar ma yana fitar da zafi, ga kuma bazarar Damagaram a sama. Duk wanda zai zana irin wannan na'ura a Sahel, ya sa abin sanyaya ruwa kafin tankin bakteriya, kuma ya yi lissafinsa da zafin Afrilu da Mayu, ba da matsakaicin shekara ba.